Kududdufin Baba Junaidu

Shekarar da na tare a Atron, a gabashin Injamena, unguwar ba ta cika ba tukuna. Gida nan, kango can, sai filayen da aka kafa wa duwatsun shaida. Ni mutumin Haɗeja ne, turare nake sayarwa a kasuwar Digel, shi ya sa ba wanda ya damu da sunana na yanka, kowa Maiturare yake ce mini. Katanga ɗaya ce ta raba gidan da na kama da na wani dattijo, Baba Junaidu, kuma ranar da na fara ganinsa na ɗauka kansa ba daidai yake ba.

Yana tsaye ne a bakin wani kududdufi da ke bayan gidajenmu, irin wanda mutanen garin nan ke kira buta, ramin da masu buga bulo suka haƙa suka bari ruwan sama ya cika. A hannunsa akwai wata doguwar gora siririya. Yana kaɗa zarenta a iska, ya kai shi baya, ya kawo gaba, sannan ya sake shi ya kwanta a kan ruwa a hankali. Mu a Haɗeja mun san fatsa. Ka soka tana a ƙugiya, ka jefa, ka nemi wuri ka zauna. Shi kuwa ba tana, ba zama. Da na matsa na yi sallama, sai na ga abin da ke jikin ƙugiyar gashin zabo ne aka naɗe da baƙin zare, aka fitar masa da fukafukai kamar na shinge. Na tambaye shi ko kifin garin nan gashi suke ci. Ya nuna mini ruwan da haɓa. Ba a jima ba wata kawara ta taso ta cafke gashin. Ya jawo ta a hankali, ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar, ya mayar da ita ruwa.

A gefe, ƙarƙashin wani dogon yaro, wata tsohuwa na zaune a kujerar roba an tokare ta da matashi. Ita ce matarsa, Hansai. Bakinta ya ɗan karkace, amma na ga dariya take yi mini.

Tarihinsa ban ji shi a zama ɗaya ba. Baba Junaidu ba mai yawan magana ba ne, sai dai in ya ga dama ya ba ka gutsure yau, ya ba ka wani bayan wata guda. Hausarsa ma sai ka kasa kunne, don tsohuwar Katsinanci ce gauraye da Larabcin garin nan. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, shi da matarsa da jaki ɗaya. Da suka iso nan, lokacin ana kiran garin Forlami, sai haihuwa ta kama matar. Aka ce a dakata damina ta wuce. Damina ta wuce, wata ta zo, har kakan ya rasu bai ƙara taku ɗaya zuwa gabas ba. Ɗan da aka haifa a hanyar ya tashi cikin Kotoko masu su, ya koyi sana'arsu, shi ya haifi Junaidu a wani gida na bakin ruwa, kusa da inda kogin Logon ke zuba a kogin Shari.

Junaidu ya iya tuƙa kwale-kwale tun bai kai tsawon filafili ba. Yana da shekara sha takwas wani Bature mai aikin auna zurfin kogi ya ɗauke shi matuƙi. Baturen nan in ya tashi daga aiki da la'asar sai ya fito da wata sanda mai gaɓa-gaɓa ya haɗa, ya ɗaura ƙugiya mai gashi, ya yi ta kaɗawa. Junaidu ya yi ta kallo har ya gane sirrin: kifi ba gashin yake gani ba, ƙwaron da ya faɗa ruwa yake gani. Daga nan ya fara lura da abin da bai taɓa kulawa da shi ba, wane ƙwaro ke fitowa a wane wata, ina mazari ke sauka, yaya fara take shure-shure in ta faɗa ruwa. Ya koyi naɗa gashin zabo da na wuyan zakara har ya fi ubangidan nasa, shi Baturen da bakinsa ya faɗa.

Baturen ya taɓa ba shi labarin ƙasarsu. Ya ce akwai wani ɗan tafki mai sanyi tsakanin tuddai, ruwansa ba ya gudu, mutane ne ke kawo kifi da gangan su zuba a ciki, sannan su dawo su kama shi da gashi, su kuma sake shi. Junaidu ya ce ranar ya yi dariya har ya kusa kifar da jirgin. A ce ga kogi ya cika da giwan ruwa da tsage, mutum ya ɗebi kifi ya kai rami ya ajiye.

Bayan shekara uku Baturen ya koma gida. Junaidu ya ci gaba da taru da mamari, da su ya ci abinci, da su ya yi aure. Gashin zabon kuwa ya zame masa abin la'asar, abokansa masunta suna yi masa ba'a, shi bai damu ba. Hansai 'yar masunta ce ita ma, a bakin ruwa aka yanke mata cibi. Shi ya kamo, ita ta banda, ta kai kasuwa. Sun haifi 'ya'ya biyar, huɗu Allah ya karɓi abinsa tun suna ƙanana, Murja kaɗai ta rayu, ita ce ke aure a Digel. Lokacin yaƙin da ya watse garin nan, kwana da kwanaki yana ƙetarar da mutane a jirginsa zuwa Kusuri, garin da ke tsallaken kogi. Wannan ɓangaren ba ya son a tambaye shi. Abin da kawai ya taɓa ce mini shi ne, ya ɗauki mutanen da ya san su suna da mota, ranar ba su da ko takalmi.

Shekaru suka tura. Kifi ya ragu a kogi, masunta suka ƙaru, ruwa kuma kowace damina sai ya zaftare wani abu daga gaɓar da gidansu yake, har ɗakin bandar Hansai ya tafi. Gwiwarsa ta hagu ta fara hana shi tsayuwa a jirgi. Sai ya sayar da jirgin da komai, ya sami fili a Atron inda ƙasa ke da sauƙi, ya yi ɗaki biyu. Daga nan zuwa kogi tafiya ce mai nisa. Ba su cika shekara biyu da tarewa ba Hansai ta faɗi tana shara, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Ya ce mini ba ciwon ne ya fi tayar masa da hankali ba, ƙin cin abincin ne. Murja ta zo ta yi ta lallashi, a banza. Tsohuwa ta juya fuska bango. Wata rana yana shafa mata man zafi, sai ta yi magana da harshenta mai nauyi, sai da ta maimaita sau uku ya gane.

"Tun da muka zo nan ban ji ƙamshin ruwa ba," in ji ta.

Ya fita bayan gida ya tsaya yana kallon ramin masu bulo, wanda a lokacin ba komai a cikinsa sai kwaɗi da ledoji. A nan labarin Baturen nan na shekara arba'in da wani abu ya faɗo masa.

Ya je wurin mai unguwa, wanda a nan ake ce wa shef da kare, ya nemi izini. Mai unguwa ya ce ramin ba wanda ya zo ya ce nasa ne, ya yi abin da zai yi. Ya tsince ledojin tsaf. Sannan ya shiga zirga-zirga zuwa Ngeli, ƙarƙashin gadar da 'yan kasuwa ke bi su shiga Kusuri, inda har yanzu yake da abokai masu jirgi. Su tara masa 'ya'yan karfasa da kawara da tarwaɗa, ya zuba a jarkoki biyu da ya yanke wa baki, ya hau kalando, wato babur na haya, ya riƙe su a cinya har Atron. Rabin kifin kan mutu a hanya. Ya koma washegari.

Shekarar farko wahalar banza ya sha. Zafin bazara na zuwa ruwan ya ƙafe, kifin suka taru a ɗan taɓon da ya rage, balbela da shirwa suka yi biki. Da wani ne da ya haƙura. Shi kuwa sai ya ari diga da shebur, ya shiga kusurwar gabas ta ramin yana haƙa. Wata uku ya yi, daga asuba zuwa hantsi, da gwiwar nan tasa, har wurin ya zarce tsayin mutum da hannu a miƙe. Ya kuma ja 'yar magudana daga famfon unguwa, don ruwan da ke zuba in mata na ɗiba ya riƙa gangarowa ciki. Ya sare ƙaya ya kewaye ramin gaba ɗaya, ya bar ƙofa guda da yake ɗaurewa da waya. Daga wannan shekarar ruwan bai sake ƙafewa ba.

Duk la'asar sai ya goyo Hansai a bayansa ya kawo ta gindin dogon yaron. Da farko mutane sun yi ta magana, wai dattijo da furfura yana goyon mace a bainar jama'a. Daga baya ido ya saba, har in ba a gan su ba a shiga tambaya. Ita ke gaya masa inda zai jefa. Da ta ga ruwa ya motsa ta san wane kifi ne, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna. In ya yi kuskure kifi ya suɓuce, ta yi masa tsaki, ta ce tsufa ya kama shi. Ya goge ƙayar ƙugiyoyinsa da zarto don kada su yaga bakin kifin, tunda sakin su yake yi. Ranar Juma'a kaɗai yake riƙe karfasa ɗaya, ya yi mata farfesu da hannunsa. Ta koma cin abinci.

A haka na same su, a haka kuma na zauna da su shekara huɗu. In na dawo daga kasuwa da wuri nakan tsaya. Ya yi ƙoƙarin koya mini kaɗa zaren, na maƙala ƙugiya a hulata sau biyu, Hansai ta ce a bar ɗan Haɗeja da turarensa.

Ta rasu da sanyin safiya wata Laraba, ba wata doguwar jinya. Bayan an yi bakwai na zaci zai bar kududdufin. Bai bari ba. Ya ɗauke kujerar robar ya shigar gida, ya ci gaba da fitowa shi kaɗai. Murja ta yi ta roƙonsa ya koma wurinta a Digel, ya ce kifin fa, wa zai bar wa.

A wannan tsakanin ne Fa'iz ya gina gida a ɗaya gefen ramin. Bakaniken babura ne, mutum mai sanyin hali, da matarsa Rahmatu da 'yarsu ɗaya, Kausar, wadda a lokacin da abin ya faru ba ta cika shekara huɗu ba. In uwar ta zo famfo, yarinyar takan tsaya a jikin ƙayar tana leƙe, tana kiran Kaka, Kaka. In ya kama kifi sai ya kawo mata ta taɓa da yatsa ɗaya, ta ja da baya tana ƙyalƙyala dariya, sannan ya mayar. Bai taɓa barinta ta shigo ta ƙofar ba. In uwar ta gama ɗiba, shi da kansa yake riƙo hannunta ya kai mata. Na lura tun rasuwar Hansai ba wanda ke sa shi fara'a kamar yarinyar nan.

Sai aka yi daminar nan mai ruwa da yawa, wadda duk wanda ke Injamena ba zai manta da ita ba. A Atron ruwa ya kwanta a tituna har gwiwa. Wani ruwan da aka kwana ana yi ya tumɓuke ƙayar da ke kewaye da ramin ya watsar, kududdufin ya haɗe da ruwan layi, ba ka iya gane inda hanya ta ƙare da inda rami ya fara. Baba Junaidu ya ga haka tun safiyar Lahadi. Ya bi gida gida ya gaya wa mata su kula da yara. Ya so ya gyara shingen a ranar, amma zazzaɓi ya kwantar da shi, Lahadi da Litinin bai iya ɗaga kai ba. Ranar Talata da ya ji dama-dama ya biyo ni Digel don ya samo waya da turaku, ya ce wannan karon ba ƙaya zai sa ba.

Mun dawo kafin azahar, ni ina ɗauke da turakun, shi da naɗin waya a kafaɗa. Tun daga nesa muka hango taron mata a bayan gidajenmu. Rahmatu na tsaye cikin ruwa har ƙugu tana lalube da hannu biyu, ba ta ko kuka. Wata ta ce mana tun hantsi ba a ga Kausar ba, an ga takalminta ɗaya yana yawo a kan ruwa. Samari uku sun shiga suna nema, amma can gefen da ba zurfi suke ta lalube, don ba su san ramin ba.

Baba Junaidu ya ajiye wayar. Bai cire ko riga ba. Ya shiga ya nufi kusurwar gabas kai tsaye, ya nutse. Ya ɗago ya ja numfashi, ya sake nutsewa. A na biyun ya fito da ita.

Ya yi duk abin da masunta suka sani, ya kifa ta, ya matsa, ya hura mata a baki. Fa'iz ya iso daga gareji ya ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Amma tun a bakin ruwan duk wanda ya ga fuskar tsohon ya san an riga an gama.

Da la'asar aka kai ta. A wurin zaman makoki Baba Junaidu ya zauna can ƙarshen tabarma, rigarsa ba ta gama bushewa ba. Mutane na ta shigowa suna gaisuwa, wasu da Hausa, wasu da Larabci. Ba wanda ya ce masa komai, kuma na san da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Da aka ɗan sarara ya ja jiki ya durƙusa gaban Fa'iz, wanda ko Murja ta girme shi.

"Ni na haƙa wurin," ya ce. "Da hannuna na haƙa shi."

Fa'iz ya kama kafaɗunsa ya ɗaga shi. Ya ce, "Baba, kwananta ne ya ƙare. Kada ka ƙara mini wani nauyin."

Bayan kwana uku mai unguwa ya tara maza. Wasu suka ce a cike ramin. Wasu suka ce ramukan bulo sun fi goma a Atron, duk damina sai sun ci yaro, wannan ne ma kaɗai aka taɓa yi wa shinge, don haka kada a ɗora wa tsoho. Ana cikin ja-in-ja ya miƙe ya ce ba sai an yi gardama ba, shi zai cike shi. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi lokaci ya kwashe kifin da suka rage ya mayar da su kogi, don ba su suka kawo kansu ba.

Da ruwan layi ya janye, ya kafa turakun nan ya ja waya, sannan ya fara. Ya gwada taru, amma ambaliyar ta cika ramin da ƙaya da tarkace, tarun ya yayyage tun jefawar farko. Sai ya koma ga gorarsa. Kullum da sassafe yana tsaye yana kaɗa zare, wanda ya kama ya jefa a jarka, hantsi na yi ya hau kalando zuwa Ngeli. Tarwaɗa ba ta cika tasowa sama ba, sai da ya sa mata tana, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Sati biyar ya yi yana wannan. Sau ɗaya na raka shi. Muka gangara ƙarƙashin gada, sama da mu babura da masu kaya a ka suna ta wucewa, ya shiga ruwa har gwiwa ya karkata jarkar. Kifin suka ɗan tsaya a inuwarsa kamar ba su gane ba, sannan suka bi ruwa. Wani tsohon abokinsa mai jirgi ya ƙwala masa kira daga nesa, ya ɗaga hannu kawai.

Sannan ya toshe magudanar famfon, ya ari baro. Akwai tulin ƙasa da ɓaraguzan gini a wani kango can ƙarshen layi, daga nan yake ɗebowa. Baro ɗaya a ramin nan kamar ka jefa tsakuwa a rijiya ne. Na ce masa ya bari mu haɗa hannu a kawo tifa, ya ce a'a, kusurwar gabas dai shi zai cike ta. Kwana tara yana yi shi kaɗai, yana ɗingishi. A rana ta goma Fa'iz ya fito da shebur, bai je gareji ba. Ya tsaya a wurin tulin ƙasar yana loda masa baro. Da maza suka ga haka sai kowa ya fito da abin da yake da shi. Daga baya mai unguwa ya samo motar ƙasa ta ƙarasa sauran.

Rahmatu kuwa tun ranar ba ta sake bin bayan gidan ba. Ta daina zuwa famfonmu, ta koma wani mai nisa a layi na huɗu. In ta hango Baba Junaidu a hanya sai ta ja mayafi ta canja gefe. Shi ma in ya hango ta sai ya koma cikin zaure ya jira ta wuce.

Da aka gama cike ramin bai ƙara musu da Murja ba. Ta zo da mota a-kori-kura ta kwashe shi da 'yan kayansa zuwa Digel. Gidanta ba nisa da kasuwa, don haka wani lokaci yakan zo rumfata ya zauna a benci. Idonsa ya fara yin hazo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yakan tambaye ni mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa ambatar gidan Fa'iz ba, ni ma ban taɓa kawo masa ba.

Bayan shekara ɗaya da rabi Rahmatu ta haihu, namiji. Ana jibi suna Fa'iz ya zo rumfata ya ce in taimaka in kawo Baba. Na isar da saƙo, tsohon ya ce gwiwarsa ba za ta bar shi ba, a gaishe su. Washegari Fa'iz ya dawo. Ya ce ba shi ke kiran ba, mai jegon ce, kuma ta ce ba za a yanka ragon ba sai ya zo.

Da safe na ɗauko shi. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Da muka isa ƙofar gidan ya toge, ya ce shi a nan waje zai zauna. Ana cikin haka aka ce ya shigo zaure, ni ma in shigo. Rahmatu ta fito da jaririn a naɗe cikin zane. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kansa a ƙasa. Wannan ne karo na farko da suka yi magana tun ranar Talatar nan.

Ta ce, "Baba, na yi fushi da kai. Wata takwas ina fushi da kai, ban gaya wa kowa ba, ko Fa'iz. Amma ka zo har ƙofar nan ka ce mu kula da yara, na ji ka da kunnena. Ni ce na juya baya ina wanki. Fushin da nake yi da kai, don kada in yi da kaina ne."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ya bari ta gama.

"Ni na yafe maka, in ma akwai abin yafewa. Kai kuma ka roƙa mini Allah in iya yafe wa kaina. Ga ƙanen Kausar, ka sa masa albarka."

Ta miƙa masa yaron. Ya karɓe shi, na tallafa masa ta ƙasa. Ya daɗe yana addu'a, muryarsa ba ta fita sosai, hawaye na bin gemunsa. Ya tofa wa yaron, ya mayar mata. Aka raɗa suna Kamaluddini, aka yanka rago, aka kawo mana shayi da waina. Ya sha shayin.

Zan so in ce daga ranar ya sami sauƙi, amma ban ga haka ba sosai. A hanyar komawa abin da kawai ya ce shi ne yarinyar nan tana da kirki, ya fi ƙarfin abin da ya cancanta. Ya ci gaba da zuwa rumfata jefi-jefi, sannan zuwan ya ragu. Da zafin bazara ya kwanta, kwana shida, ya cika ranar wata Asabar bayan azahar. Masunta sun zo daga Ngeli, tsofaffi, wasu ban taɓa ganinsu ba. Mutanen Atron sun cika mota biyu. Fa'iz na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Ranar sadakar uku na shiga yi wa Murja gaisuwa. Muna cikin magana ta ce mini tun ranar da ya tare gidanta bai sa kifi a bakinsa ba. In ta dafa sai ya ci tuwon da miya ya ture kifin gefe, ya ce a ba yara. Ta yi ta canja dahuwa, ta soya, ta yi farfesu, ta sayo banda mai kyau daga Kusuri, tana zaton hannunta ne bai kai na mahaifiyarta ba. Ta ce sai da aka shafe wata shida tana wannan kafin ta gane, daga nan ta daina shigo da kifi gidan gaba ɗaya, shi kuma bai taɓa tambayarta dalili ba.